Lallen da Goggo Ta Sa wa Kyaftin

Har yau in kun taru a tsakar gida kuna hirar da, sai na ji maganar akun mahaifinku ta taso, kowa da irin tasa. Babbanku ya ce ma'aikatan kan iyaka ne suka hana a dawo da shi daga Yola. Hadiza ta ce Baffanku Hamidu ne ya riƙe shi da ƙarfin tsiya. Auta kuwa, wanda a lokacin ko mazugin wandonsa bai iya ɗaurewa ba, shi ya fi kowa rantsuwa, wai gajiya na yi da sharar ɓawon gyaɗa na kyautar da shi. Ina jinku ina shiru, don in mutum ya tsufa a gidan 'ya'yansa ba kowace magana yake tsoma baki ba. To, yau dai ga yadda aka yi, daga bakin wadda ta ɗauki kejin a cinyarta.

Mahaifinku ɗan kasuwar bakin kogi ne. A zamanin, da damina ta zauna Binuwai ya cika, jiragen ruwa sukan hauro har Garwa, a ƙasar Kamaru, da gishiri da siminti, su gangara da gyaɗa da auduga. Wani ma'aikacin jirgi mutumin kudu, da suka saba, shi ya kawo masa tsuntsun tun yana ɗan tsako, launin toka, wutsiya ja, fuska fara fat. Mahaifinku ya sa masa suna Kyaftin, ya rataye kejinsa a zaure inda yake zama. Shekara da shekaru suna tare, har tsuntsun nan ya haɗiye muryar mahaifinku ɗungurungum. Mu da muke ba shi ruwa da abinci bai ɗauki ko tarinmu ba. Amma gyaran muryar maigida, da dariyarsa ta cikin hanci, da yadda yake cewa a kawo shayi kamar yana ba sojoji umarni, duk yana da su. Sau nawa na taso daga madafa da tire a hannu na tarar zaure ba kowa sai wannan ɗan banza yana kallona da ido ɗaya.

Mahaifinku ya rasu cikin sanyi, bayan gajeriyar jinya, a shekarun da aka gama yaƙin Najeriya jirage suka fara ɗaukewa. Ana cikin zaman makoki, gida cike da mata, aka shigo da kejin tsakar gida don a ba maza wuri a zaure. Sai kawai muka ji gyaran muryar mamaci a kanmu. Wallahi wata tsohuwa ta bar takalmanta a gidan nan, ba ta dawo ɗauka ba. Mutane suka yi ta ba da shawara, wasu a sake shi, wasu a kai shi kasuwa. Na ce ba mai taɓa shi. Haka na yi takabata, kullum da safe mijina yana neman shayi daga cikin keji, ƙafata ta motsa kafin hankalina ya dawo. Ina so in ji, ina tsoron in ji. Na rame har zanina yana neman zagaya ni sau biyu.

Kakarku Inna tana Yola a gidan Baffa Hamidu, ƙanin mahaifinku. Asalin gidan Kanawa ne, fatauci ya kawo kakanni, rabi suka zauna Yola rabi suka wuce Garwa, tun kafin a ja layi a ce nan wata ƙasa can wata ƙasa. Inna idonta ya tafi, ƙafa ta ƙi, ba ta samu zuwa jana'iza ba. Masu dawowa daga ta'aziyya suka ba ta labarin tsuntsun. Tun daga ranar ta kafa naci. Ina dab da fita takaba sai ga Baffa da kansa, ya zauna daga bakin ƙofa, ya ce jikin Inna ya yi nauyi, abinci sai an lallaɓa, kuma ga saƙon da ta ce ya faɗa mini ba ƙari ba ragi.

"Ka ce wa 'yata ban ga fuskarsa ba, ban taɓa makararsa ba. In da gaske ne akwai inda muryarsa ta rage, a kawo mini in ji kafin in bi shi."

Aka shirya in an ba yara dogon hutun makaranta, Baffa ya kwashe mu gaba ɗaya mu yi hutun a Yola. Ni a zatona ɗaukar keji ne a shiga mota. Ashe ba haka ba. Direban da Baffa ya saba bi ya ce kada mu kuskura, ciwon kaji ya yi ɓarna a ƙauyuka, duk wani mai fiffike ba ya ƙetarawa sai da takardar likitan dabbobi, in ba haka ba a tsare shi, ko ma a yanka a ƙone. Na ce yau ga ikon Allah, mutanen da kakanninsu suka yi ta kora shanu da jakuna ta hanyar nan ba mai tambayarsu, yanzu tsuntsu sai da fasfo.

Muka je ofishin, ni da Baffa, shi ke jin Faransanci. Fulani cike da fili da shanunsu, ga wata Baturiya rungume da kare kamar jariri, za ta tafi hutu ƙasarsu an ce sai an yi masa allurar haukan kare an jira ta kama jiki. A bango hoton shugaban ƙasa, ɗan garinmu, yana kallon kowa. Likitan mutumin kudu ne, mai haƙuri, Fulatancinsa kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Ya ce aku ba shi da allura irin ta kare, dubawa ce. Ya sa aka naɗe Kyaftin a tawul, ya buɗa fiffike, ya leƙa hanci da baki, ya duba ido, ya duba kashin da ke ƙasan keji. Kyaftin ya sakar masa cizo a yatsa, ya kuma bi shi da dariyar mahaifinku. Likita ya ce a dawo da shi bayan wasu kwanaki ya sake gani, don ciwon yakan ɓuya. Muka koma, ya sake dubawa, sannan ya rubuta kamanninsa tun daga kai har farce, ya buga hatimi. Ya ce takardar ba ta daɗewa, mu tafi cikin makon, kuma yadda ya rubuta shi haka za a gan shi a can.

To, a nan Goggo Dudu ta shigo. Ba ku manta ta ba, ƙanwar kakanku ce, a hannunta mahaifinku ya yi wayo, a gidanmu ta ƙare rayuwarta. Mace ce da ba ta yarda a je gaban manya da ƙafa fari ba. Jajibirin tafiya ya zo daidai da fitata takaba, aka yi mini wanka da kitso, aka kwaɓa lalle kwano guda, karo na farko da zai taɓa hannuna tun rasuwar. Aka ƙunsa mini, aka ƙunsa wa Hadiza, har ku maza aka ɗiga muku a tafi. Da rana ta yi sanyi na kwance ƙunshin, na shiga maƙwabta sallama. Lallen da ya rage a kwano Goggo ta dube shi ta ga asara ce a zubar. Dama a gidan nan ragon Salla ba ya fita sai da lalle a goshi, farar kyanwarmu ma ba ta tsira ba. Ta sami tawul ta naɗe Kyaftin yadda ta ji an yi a ofis, ta shafa masa a farar fatar nan da ta kewaye idanunsa, ta ɗiga a ƙirji, ta riƙe shi a cinya tana yi masa waƙa har ya kama. Ta goge, ta mayar da shi, ta rufe kejin da zane saboda tafiya.

Sai da safe, mota na jira a ƙofa, na ɗaga zanen in zuba masa ruwa. Na ga tsuntsu ido jajir kamar an yi masa duka. Na tambayi wanda ya yi wannan aiki, Goggo ko gezau.

"Ke 'yar nan, gaban kakarsa za shi. A kai shi fuska fari fat kamar ba shi da kowa?"

Na ce Goggo, Inna fa ba ta gani. Ta ce ai mutanen gidan suna gani, kuma su za su ba ta labari. Baffa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ba komai, kowa ya san lalle. Ni ma na yarda, don wa zai ga lalle a ƙasar nan ya ce bai san shi ba?

Hanyar Gashiga da damina ba sai na ba ku labari ba. Babbar mota ce ta kaya, mu mata da yara a gaba, keji a cinyata, kowane rami sai na ji Kyaftin ya bugu da ƙarfe. Tun da muka bar gida bai ce uffan ba. Muka wuce Demsa, 'yan duwan ɗinmu, wato kwastan na ɓangaren Kamaru, suka duba takarda suka ɗaga mana hannu, ko zanen ba su buɗe ba. Na ce alhamdu lillahi, an gama. A ɗaya gefen aka nuna mana wata rumfar kwano a bayan ofishin kwastan, inda malamin dabbobi yake zama. Mutum ne siriri, mai furfura a gemu, Hausarsa tas. Ya karanta takardar a hankali, yana bin Faransancin da yatsa, Baffa na taimaka masa. Sannan ya ɗaga zanen. Na ga fuskarsa ta canja, ya ja da baya, ya ce yara su matsa.

Ya ce takarda ta ce fuska fara, ba tabo, tsuntsu mai kuzari da surutu. Shi kuma abin da ke gabansa ido ne ja kewaye, ƙirji da tabo, gashi a hargitse, kai a sunkuye, ko motsi ba ya yi. Ko dai ba wannan tsuntsun aka duba ba, ko kuma ciwon ya fito bayan dubawa. Ciwon nan kuwa ta ido yake fara nunawa. Baffa ya ce lalle ne. Malamin ya ce shekarunsa a aikin nan ya ga lalle a rago, ya gani a doki, bai taɓa gani a idon aku ba. Ya jiƙa auduga da wani ruwa mai warin asibiti ya goga, ba abin da ya fita. To ina zai fita? Lallen Goggo ne, wanda take kwaɓawa da lemon tsami.

Ni kuwa kun san ni, Allah bai ba ni sanyin baki ba. Na tashi na wanke mutumin nan tas. Na ce in bai san lalle ba ya koma gida ya dubi ƙafar matarsa. Na ce tsohuwa na can tana jiran mutuwa shi yana nan yana karatun takarda da yatsa. Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba, jikokina na iya karantawa. Baffa yana ja mini gyale, mutane sun taru. Malamin ya bar ni na gama, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baiwar Allah, ƙauyen da ke bayan rumfar nan bara ko zakaran da zai yi musu cara bai rage ba. Matan nan da kaji suke sayen magani. In gaskiyarki ce, kin yi asarar kwanaki. In tawa ce na bar shi ya wuce, me zan ce musu?"

Ya ce doka ta ba shi hanya biyu, mu juya da tsuntsu, ko a killace shi a nan har ya gamsu. Yanka ba zai yi ba sai in ya ga ciwon ƙuru-ƙuru. Sai idonsa ya sauka a hannuna da nake ta yarfawa. Ya tambaya ko lalle ɗaya ne, rana ɗaya. Na ce kwano ɗaya ma. Ya ce to shi ke nan, ga ma'auni. In lalle ne, ba zai kumbura ba, ba zai yi ruwa ba, kuma zai riƙa koɗewa tare da na hannuna. In ciwo ne, nawa zai koɗe nasa ya ƙaru. Kullum da safe in kawo hannuna ya gwada.

Mota ba ta jira. Baffa ya ce in bar kejin mu wuce, in ya so ya dawo ɗauka. Na dubi rumfar, ga ɓeraye, ga yoyo, ga tsuntsun da bai taɓa cin abinci daga hannun baƙo ba. In ya mutu da yunwa za a ce ciwo ne, in kuwa na tafi da hannuna ba ma'auni. Na ce ya tafi da ku, ni ina nan. Auta ya ƙanƙame zanina yana tsala ihu, da ƙyar aka ɓamɓare shi. Wannan kukan na daɗe ina jinsa. Na ce wa Baffa ya gaya wa Inna muna bakin ƙofa, ta daure ta ci abinci. Mota ta tashi, na tsaya a kan iyaka, mace ɗaya da ɗaurin kaya, ban san inda zan kwana ba.

Wata mai tuyar ƙosai a bakin hanya ce ta kira ni. Sunanta Marta, Kirista ce daga duwatsun wajen Poli, aure ya kawo ta, Hausarta ta kasuwa. Duk abin da ya faru a kan idonta aka yi. Ta ce ɗakin 'yarta ba kowa, in zo. Ta share mini wuri, ta wanke buta ta ajiye, ta nuna mini gabas ba tare da na tambaya ba. Da safe ina taya ta surfen wake da markaɗe, ita kuma tana kwaikwayon yadda na yi wa malami tsiya, har da yarfa hannu, masu sayen ƙosai suna dariya. A gidan matar nan na fara cin abinci in ƙoshi tun rasuwar mahaifinku.

Kullum hantsi sai in tafi rumfa. In zuba wa Kyaftin gyaɗa da ɗanyar masara da Marta ke karyo mini, in canja ruwa. Malamin ya duba kashi, ya duba hanci, sannan in miƙa tafin hannuna kusa da kejin, ya dubi nan ya dubi can. Ku yi tunani, bazawara sabuwar fita takaba tana miƙa wa namiji baƙo hannu yana ƙare masa kallo, 'yan kwastan suna leƙe. Kunya kamar ƙasa ta tsage. Shi ma bawan Allah kansa a ƙasa, bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskata ba. Na so in yi wayo, na ce da Marta ko in dirje hannuna da toka ya yi saurin fita. Ta ce ke, in naki ya riga nasa fita ai kin kashe shi da hannunki. Daga ranar ko wanke-wanke ta hana ni, wai kada ma'auni ya lalace.

Abin da ke cina a rai ba rumfar ba ce, Yola ce. Duk motar da ta fito daga can sai na tare direba in tambaya ko ya ji rasuwa a unguwar su Baffa. Wani ya ce bai ji ba, wani ya ce ai kullum ana mutuwa. In na ga mota ta rage gudu sai in ce saƙon ne. Na yi ta roƙon Allah kada lallen Goggo ya zama sanadin da tsohuwar nan za ta tafi da ƙishirwar ɗanta.

A hankali Kyaftin ya fara ɓare gyaɗa, ya fara gyara gashinsa da baki, yana hawa yana sauka. Jan fuskar ya koma ruwan goro, kamar yadda na tafina ya koma. Ba kumburi, ba ruwa. Wata safiya malamin ya daɗe yana dubawa, ya kai yatsa kusa, Kyaftin ya kai masa sara. Ya janye hannu yana murmushi, ya ce mara lafiya ba ya wannan zafin nama. Ya zauna ya rubuta tasa takardar, ya sa har da tabon lalle a cikin kamanni don kada wani ya sake tsare mu a gaba. Da ya miƙo mini sai na karɓa na zauna a kan benci. Na ce ya yafe mini abin da na faɗa. Ya ce ai ya je gida ya dubi ƙafar matarsa kamar yadda na umarta, kuma gaskiya launin ɗaya ne. Ya ce a gaida tsohuwa, a kuma gaya wa mai lallen nan hannunta yana da kyau, amma ta bar tsuntsaye.

Na isa Yola da la'asar. Tun daga bakin layi nake baza ido ko zan ga tabarmi a ƙofar gida da maza zaune. Ba kowa sai awaki. Kai, ban san sanda na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba har mai ɗaukar mini kaya ya waiwayo. Kuka rugo kuka rungume ni. Inna tana kwance a ɗakinta, ta zama kamar ɗaurin itace, amma da ranta, da hankalinta. Matar Baffa ta ce tun da aka ce muna kan iyaka take shan kunu, wai ba za ta tafi ba sai baƙonta ya iso. Na durƙusa na gaishe ta, ta lalubo kaina, ta lalubo kejin, ta sa aka rataye shi a bakin ƙofarta.

Sai tsuntsu ya ƙi magana. Kwana ya bi kwana, yana ci yana sha yana kallon mutane, baki gum. Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo suna komawa. Na ji wata tana cewa an sha wahalar ɗauko kurma tun daga Kamaru. Na kaɗa kofin shayi a gabansa, na sa Baffa ya yi gyaran murya, na roƙe shi, na zage shi, a banza. Inna ba ta yi ƙorafi ba, sai dai kullum ta juya kunnenta wajen ƙofa. Wannan juyin kunnen ya fi mini zaman iyaka ciwo.

Wata safiya Baffa ya fito da rediyonsa tsakar gida yana neman tasha, tana ta ƙara da shuu kamar ana suya. Mahaifinku yana da irinta, wadda ko ƙura ba a yarda wani ya goge mata ba, kuma tun rasuwarsa na kulle ta a akwati, ba a sake kunnawa ba. Ina ɗakin Inna ina ba ta kunu a cokali. Sai muka ji daga bakin ƙofa, da muryar nan, da faɗan nan, ba abin da ya ragu.

"Wa ya taɓa mini rediyo? Na ce wa ya taɓa mini rediyo?"

Cokali ya faɗi daga hannuna. A tsakar gida Baffa ya tsaya da hannu a kan rediyo kamar ɓarawon da aka kama. Inna ta yunƙura, matar da sai an tayar da ita, ta dafa bango ta zauna. Na zaci kuka za ta yi. Sai ta ɗaga murya yadda ake yi wa yaro.

"Ba wanda ya taɓa maka. Zauna, ka cika faɗa."

Sannan ta fashe da dariya, hawaye na bin kuncinta, tana cewa shi ne, wallahi shi ne, tun yana ƙarami haka yake da kayansa. Ta ce a ƙaro kunu. Daga ranar bakin Kyaftin ya buɗe, ya dawo da neman shayi da ciniki da dariyar hanci, Inna tana amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma wani nauyi da na ɗauko tun daga Garwa ya sauka daga ƙirjina, har na ji iska tana shiga.

Da hutu ya ƙare, Baffa ya nemo yadda za a yi takardar komawa, ba wata wahala a ciki. Inna da kanta ta ce in ɗauki tsuntsuna, marayu sun fi ta buƙatar muryar ubansu, ita ta ji abin da take so. Ba wanda ya roƙe ni, ba wanda ya hana ni. Ni na ce a bar shi. Na ga tsohuwar da aka fitar da rai da ita tana zama tana cin tuwo saboda tana da wanda za ta yi wa faɗa. Na kuma dubi kaina. Inna in ta ji muryar ɗanta ƙarfi take samu, ni in na ji ta komawa nake ranar da aka fita da shi. Ina da ku uku da zan ciyar, ba zan iya rayuwa ina zabura kowace safiya ba. Na san abin da na raba ku da shi. Auta bai san muryar mahaifinsa ba sai a labari, kuma wannan ni na jawo, na sani. Amma da na dawo Garwa na ji gidan shiru, na yi kukan da ban samu yi ba, na yi barci, na fara sana'ar da na yi muku makaranta da ita. Ko yau aka mayar da ni bakin ƙofar nan, haka zan sake yi.

Inna ta ƙara damina biyu a duniya. Da ta rasu na tafi ta'aziyya ni kaɗai. Muna zaune a tsakar gida, mata ana jan carbi, wani yaro a maƙwabta ya kunna rediyo. Kyaftin na rataye inda na bar shi. Ya tambaya da muryar mahaifinku wa ya taɓa masa rediyo. Kafin kowa ya motsa, sai ya karkata kai ya amsa wa kansa da muryar Inna, siririya, mai rawa, cewa ba wanda ya taɓa, ya zauna, ya cika faɗa. Ashe a shekarun nan ya haɗiye tata ita ma. Mata suka yi ta salati, ni kuwa dariya ta kama ni a tsakiyar makoki, ina yi ina share ido da bakin gyale.

Ranar da zan taho Baffa ya sauko da kejin ya ajiye a gabana. Ya ce yanzu ba mai riƙe shi, in ina so gobe a je a yi masa takarda. Na daɗe ina kallon tsuntsun, shi ma yana kallona. Na ce ya mayar da shi bakin ƙofar ɗakin Inna, a bar uwa da ɗa tare.